Yarinyar da Na Cire da Jan Biro

Ranar da na fara aiki a kamfanin ɗab'i abu biyu aka ba ni: kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da jan biro. Kujerar na tallafe ta da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya fita. Jan biron kuwa na riƙe shi kamar an ba ni sarauta. Lokacin ban daɗe da gama digiri a Hausa ba, na dawo daga bautar ƙasa, kaina ya kumbura har ɗankwali bai cika zama a kansa ba. A ganina duk marubutan Katsina jira suke in zo in gyara musu zama.

Kamfanin ɗaki uku ne a saman wani shagon magani, kusa da Ƙofar Kwaya. Mai shi wani Alhaji ne, tsohon malamin makaranta, mutum mai son tsari da son jin muryarsa. Shi ne edita, shi ne manaja, shi ne mai ɗaukar waya idan ta yi ƙara. Ni ce mataimakiyar edita, wato ni ce mai buga rubutu a kwamfuta, mai karanta shi, mai gyara shi, mai kuma shan faɗa idan kuskure ya tsallake. Ya ce mini gwaji ne na wata uku. In na yi, a ajiye ni. In ban yi ba, kujerar ma tana da masu jiranta.

Akwai wata ɗabi'a ta Alhaji da kowa a kamfanin ya sani amma ba mai taɓa ta. Duk littafin da za mu fitar, ko na lissafin firamare ne, sai ya rubuta masa gabatarwa mai shafi biyar. Kullum daga zuwan rubutu ƙasar Hausa yake farawa, ya bi ta kan muhimmancin karatu, ya sauka a kan lalacewar matasan zamani. Sunan littafin kawai yake canzawa. Mai shirya mana shafuka ya haddace ta, har yakan bi ta da baki idan Alhaji ya sauka salla.

A cikin wata na biyu wata Hajiya ta hawo mana bene da leda a hannu. Za ta haura hamsin, shugabar wata makarantar firamare ce, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gane daga yadda ta dubi teburina har na gyara zama. A cikin ledar akwai littattafan rubutu irin na 'yan makaranta guda bakwai, an ɗaure su da kyauron roba. Ta ce tarihin rayuwar babansu ne, tsohon malamin dabbobi, yana zaune a Batagarawa. Ya yi shekara biyu yana rubutawa, yanzu ido ya yi rauni, kuma yana so ya riƙe abinsa a hannu tun yana iya gane bango.

Alhaji ya tambaye ta ko ta karanta.

Ta ce, "A'a, Alhaji. Ɗaure ya ba ni, ɗaure na kawo."

Kwana goma sha biyu na yi ina bugawa. Rubutun tsohon kyakkyawa ne, a tsaye, irin na mutanen da suka sha bulala kafin su iya. Labarin ma ya yi daɗi: yadda ya taso a ruga, yadda aka kai shi makaranta yana kuka, yadda ya dawo wa danginsa da allura a jaka suna gudunsa da shanunsu, yadda ya koyi gane ciwon saniya daga tsayuwarta. Da na gama, shafi ɗari da tamanin da bakwai ya fito.

Alhaji ya girgiza kai. Ya bayyana mini abin da ba a koya mana a jami'a ba. Injin buga littafi babbar takarda yake ci, a ninke ta ta ba da shafi goma sha shida, saboda haka littafi sha shida-sha shida yake tafiya. An riga an shirya da Hajiya a kan shafi ɗari da sittin, takardar da aka tanada ke nan. Sai a rage ashirin da bakwai.

Ya ce, "Malama, littafin malamin dabbobi ne. Duk inda kika duba ba ki ga saniya ba, ki sa mashi jan biro."

Abin da nake jira ke nan. Na cire maimaici, na cire dogayen gaisuwa ga hakimai da dagatai. Sai kuma wasu wurare da suka riƙa ba ni haushi tun ina bugawa. Tsohon yana tsakiyar labarin riga-kafi, sai ya kauce ya ce "akwai wata yarinya." Ba suna, ba dangantaka, ba a ce ga 'yar wane ba. Ta ɓullo a babi na uku, ta ɓace, ta sake ɓullowa a na shida, ta sake a na tara. A jami'a an koya mana cewa duk wanda ya shigo labari dole a san ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Na duba ƙarshen littafin inda ya jero 'ya'yansa takwas da sunayensu da ayyukansu, na ce to ga 'ya'yansa nan, wannan kuwa wata ce a cikin yaran gida da tsufa ya sa ya manta sunanta. Na bi ta duk inda take na ja mata layi. Shafi goma sha ɗaya na samu a kanta ita kaɗai, har ina yi wa kaina kirari.

Ka'idar Alhaji ce ba a kai littafi inji sai mai shi ya gani ya sa hannu. Da yake tsohon ba ya iya karatu sosai, aka ce in je in karanta masa. Ranar wata Asabar da hantsi Hajiya ta ɗauke ni a motarta muka nufi Batagarawa.

Mun same shi a zaure a kan buzu, siriri, fari, da tabarau mai kauri. Hajiya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ya amsa a gajarce yana duban bango, ta shige cikin gida. Ni kuwa da na gaishe shi sai ya saki fuska. Ya tambayi gida, ya tambayi iyayena, ya tambayi aiki da gajiyar hanya, ya tambayi unguwarmu har ya gano ya taɓa yi wa ragon kakana allura. Ya ce, "Bismilla, ɗiyata, karanta mu ji abin da na ɓata."

Na fara. Ashe tsohon ya haddace rubutunsa. Ina karantawa leɓɓansa suna motsi, wani lokaci ya riga ni ƙarasa jimla. Inda na cire gaisuwar hakimai har dariya ya yi. Da muka zo babi na uku, na wuce daga allurar wata ruga zuwa ta gaba, sai ya ɗaga hannu.

"Kin tsallake."

Na ce, "Baba, ba tsallakewa na yi ba, ragewa aka yi. Shafukan sun yi yawa."

Ya sauke hannun. Ya ce, "To. Ku ne masu ilimin abin. Ci gaba."

A babi na shida ya sake ɗaga hannun, sai ya mayar da shi kan gwiwarsa. A na tara bai ɗaga ba. Tabarau ya cire, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Daga nan leɓɓansa ba su ƙara motsi ba. Ni kuwa ina ta zuba karatu da murya irin ta rediyo, ina jin daɗin yadda littafin ya miƙe babu kwana.

Ana cikin haka Hajiya ta shigo da kwanon fura. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Tana nan durƙushe, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, sai tsohon ya juya fuska wajena ya ce, "A ce wa yarinyar ga ta kawo ludayi."

Nan take na gane wace ce yarinyar da na cire.

Ni ce fa ya kamata in fi kowa ganewa. Ni 'yar fari ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Babana ba. Ina zaune a gabansa zai ce wa Inna, "A ce wa waccan ta rage fitilar." Ƙannena yakan kira su da suna, ya yi musu wasa, ya ɗora su a babur. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta sa tsakanina da shi sai gaisuwa da saƙo ta bakin wani. Na girma a cikin wannan, na san shi kamar yadda na san ƙofar gidanmu. Amma da na gan shi a rubuce, da jan biro a hannuna da digiri a kaina, ban gane shi ba. Kunya ta rufe ni.

Da Hajiya ta kawo ludayin ta koma, na rage murya na ce, "Baba, wuraren nan da na cire. Ta san da su?"

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Mai su."

Ya juya furar a hankali. Ya ce, "Ina za ta sani? Ni in ba ta takarda in ce karanta? Haba ɗiyata." Ya kurɓa, ya ajiye ludayin. "Amma littafi in an buga shi, ai na kowa ne. Wanda ya ga dama ya karanta."

Ya laluba ya karɓi biro zai sa hannu a kan abin da na kawo, yadda na kawo shi. Na janye takardar. Na ce masa akwai sauran gyara, zan dawo.

A hanya na tambayi Hajiya su nawa ne wajen Baba. Ta ce su tara, ita ce babba. Ta ce, "Ni ai ba na cikin lissafi, ƙanwata. Kin san halin mutanenmu." Ta faɗa tana dariya, idonta a kan titi.

Washegari Lahadi ba aiki, amma na karɓi mabuɗi na hau bene da sassafe. Na buɗe littattafan rubutun nan na sake karanta shafi goma sha ɗayan, wannan karon ba da biro a hannu ba. A babi na uku, yarinya 'yar shekara tara ce take fitowa bakin hanya kullum da la'asar da ruwa a ƙwarya, duk tsawon makonnin da yake daji wajen riga-kafi, ko Allah zai sa ranar ce zai dawo. A babi na shida matarsa ta rasu, yarinyar ta bar makaranta shekara guda tana renon ƙanana. Ya rubuta cewa wata rana ya shigo ya same ta da goyo a baya, hannu ɗaya yana juya miya, ɗayan yana riƙe da littafi. Ya tsaya yana so ya ce mata wani abu. Da aka kawo tuwo, abin da ya fito daga bakinsa shi ne gishirin miyar ya yi yawa. Ya ce gishirin bai yi yawa ba.

A babi na tara yarinyar ta gama kwalejin horon malamai. An aiko masa da takardar gayyata, ya ce yana da aiki. Da gari ya waye ya hau keke ya shigo Katsina, ya tsaya a bayan shingen makarantar, gindin wata bishiyar bedi. Daga nan ya ji an kira ta, ya ga ta hau ta karɓi takardarta, ya ga tana waige-waige cikin jama'a. Ya hau kekensa ya koma, ya riga ta isa gida. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Na yi kuka a ofis ni kaɗai, ba zan ɓoye ba. Bayan na share ido sai na koma lissafin shafi, don kuka ba ya ƙara takarda. Akwai babi guda da ya jero kwasa-kwasan da ya halarta da takardun yabo da aka ba shi. Saniya tana ciki, shi ya sa na bar shi, amma ko tsohon da kansa hamma ya yi da ina karanta masa. Na matse shi na samu shafi bakwai. Saura huɗu. Na juya littafin gaba da baya, babu inda zan ƙara taɓawa ban yi ɓarna ba. Wuri ɗaya ne ya rage, kuma na san wurin tun kafin in fara nema.

Ranar Litinin ne za a kai aikin inji, kuma saura mako biyu gwajina ya ƙare. Na shiga ofishin Alhaji na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure, kuma babba ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. Tunda na zo bai taɓa jin na ce na yi kuskure ba, ni ma ban taɓa jin kaina na faɗa ba. Na ba shi labari, na ajiye masa babi na tara. Ya karanta a tsaye, sai ya zauna ya sake karantawa. Ya daɗe yana duban taga.

Ya ce, "A mayar. Amma a sa bayani a ƙasan shafi, a ce ɗiyarshi ce ta fari, a sa sunanta. Mai karatu ya san wa ake nufi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka sa sunan, mun sa shi ya faɗi abin da ya yi shekara hamsin bai faɗa ba, kuma a gaban duniya. Ba zai iya haɗa ido da kowa ba. Wadda aka rubuta dominta za ta gane. Sauran masu karatu ma 'ya'yan wasu ne."

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Shafi nawa?"

"Goma sha ɗaya. Na samu bakwai."

"Huɗun fa, daga ina?"

Na zaro gabatarwarsa mai shafi biyar na ajiye a kan tebur. A kanta na ɗora wata mai shafi ɗaya, wadda na tsamo daga cikin tasa, kalmominsa ne duka ban ƙara ko ɗaya ba. Mai shirya shafuka, da yake leƙe daga ƙofa, ya sulale ya koma wurinsa.

Alhaji ya ɗauki gajerar ya karanta. Ya ce, "Ina zuwan rubutu ƙasar Hausa?"

Na ce, "Yana cikin sauran littattafanmu duka, ranka ya daɗe."

Na ɗauka a ranar zan sauka benen nan da jakata. Ya dube ni har na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna. Sai ya ce, "Ke dai ba ki da kunya." Ya ja takardar ya sa hannu. Bai yi mini magana ba har kwana biyu, ko gaisuwa da kai yake amsawa. A rana ta uku aka kawo sabuwar kujera mai ƙafa huɗu daidai aka ajiye a teburina, ba tare da wani bayani ba. Ƙamus ɗin ya koma kan kanta.

Kafin a kai aikin inji na koma Batagarawa na karanta wa tsohon wuraren da na mayar. Na karanta su a hankali, ba da muryar rediyo ba. Bai ce na kyauta ba. Leɓɓansa dai sun yi ta motsi har ƙarshe, sannan ya sa hannu, ya sa aka kama mini zabuwa biyu.

Na yi aiki a kan littattafai da yawa bayan wannan, wasu manyan mutane ne suka rubuta su, wasu har a makarantu ake karanta su. Amma idan aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, wannan nake faɗa, duk da cewa abin da na yi a cikinsa shi ne gyara ɓarnar da ni na yi da hannuna. Ina alfahari da shafi goma sha ɗayan da na mayar, ina kuma alfahari da sunan da na hana a sa.

Littafin ya fito, Hajiya ta aiko aka kwashi kwalaye. Bayan kamar kwana goma sai ga ta ta hawo bene da kanta. Ba ta shiga wajen Alhaji ba, teburina ta nufo. Littafin yana hannunta, ta sa yatsa a tsakiyarsa. Fuskar shugabar makaranta tana nan, amma idanun sun kumbura.

Ta ce, "Ƙanwata, tsakaninki da Allah. Wannan na gindin bedi, ku kuka ƙara don labari ya yi daɗi?"

Na jawo aljihun tebur na ɗauko littafin rubutu na shida, na buɗe mata wurin. Ta san rubutun babanta. Ta bi layukan da yatsa, har inda jan birona ya ratsa su daga sama zuwa ƙasa. Ta zauna a kan sabuwar kujerata ba tare da na ce ta zauna ba.

Ta ce, "Shekara talatin ina cewa bai zo ba."

Na ba ta ruwa ta sha. Can na tambaye ta ko ta yi masa maganar.

Ta ce, "Wace magana? Ni da Baba?" Ta yi 'yar dariya tana share ido da bakin mayafi. Ta ce jiya ta je Batagarawa, ta yi masa tuwo da kanta ta kai zaure. Ƙaninta yana zaune a wurin. Ta durƙusa ta ajiye, ta dubi ƙanin nata ta ce, "A ce wa mai littafin ga an karanta."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce bai ce komai ba. Ya wanke hannu, ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, yana duban bango. Har ta miƙe za ta shiga gida, sai ta ji ya ce wa ƙanin nata, "A ce mata gishirin ya yi daidai."